Sati Shidan da Ka Roƙa, Malam Tajuddeen

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, 2024, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Tajuddeen Labbo, likitan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, a gidansa da ke Damba cikin Gusau, bayan jinyar kwana tara. Ina shanya wanki labarin ya iske ni. Amma ni, Malam, ranar da ta juya rayuwata ta riga wannan da wata huɗu, kuma kana tsaye a bakin fili abin ya faru.

Shekara bakwai kana zuwa filin ƙungiyar ƙwallon unguwarmu, ba wanda ya ɗauke ka aiki. Kai ne mai hana a taɓa ƙwallo sai an ɗumama jiki, an miƙe cinyoyi, an tsaya da ƙafa ɗaya ido a rufe. 'Yan wasa suna kiran abin rawar 'yan mata. Shugabannin ƙungiya kuwa ba su taɓa kiranka likita ba, "mai tausa" suke cewa. Kakan yi murmushi ka ce, "Ku yi dariya, amma ku yi ta da ƙafa ɗaya."

Na ji yadda ka hau babur har Karakkai sau biyar saboda idon sawun wani mai tsaron gida, manomi, don kada damina ta same shi a kwance. Ba ka taɓa zagin masu ɗori ba. Zama kake yi da su a tabarma ɗaya, ka roƙe su kada su ja gwiwar da ta kumbura.

Da maigidana Sabiru, ɗan wasan ƙungiyar, ya yi targaɗe a gwiwa, har gida ka zo. Ka naɗe tawul ka sa masa a ƙarƙashin gwiwar, ka nuna masa yadda zai danna, yadda zai ɗaga ƙafar a miƙe. Sai ka hango littafin soyayya a hannuna, ka ce, "Malama Mansura mai karatu, ga aikinki. Safe da yamma, goma sau uku, ke za ki ƙirga. Sati shida nike roƙo, ba ƙwallo. Wagga gwiwa ba ta jin kirari."

Na ce to. Ban ƙirga ba, Malam. Sau biyu ka buga waya kana tambaya, sau biyu na ce maka yana yi.

A littattafan da nake karantawa, jarumi ba ya kwanciya yana ɗaga ƙafa kamar jinjiri. Tashi yake yi da ciwonsa ya ci nasara, matarsa tana kallo. Da wasan ƙarshe na kofi ya zo a Bunguɗu, sati uku kacal da targaɗen, koci ya ce a ɗaure gwiwar da bandeji a sha magani. Sabiru ya yi jinkiri, ya ce Malam ya hana. Ni ce na ce masa, "Haba, namiji da kai? Ina so in ga kofin nan a hannunka." Har sabon leshi na ɗinka saboda ranar.

Ba wanda ya taɓa shi. Juyawa kawai ya yi zai bi ƙwallo, ƙafar ta tsaya, jikin ya tafi. Daga inda mu mata muke zaune na ji ihunsa. Aka fitar da shi, aka sa wani, wasa ya ci gaba. Cikin masu yi masa kirari ba wanda ya baro wurinsa. Kai da aka ƙi jin maganarka, kai ne ka tallabe ƙafar a cinyarka cikin mota har Gusau.

Jijiyar da ke riƙe gwiwar ta tsinke. Na yi ta jiran ranar da za ka tambaye ni. Ba ka tambaya ba. Bayan an yi masa aiki ka dawo da tawul ɗinka, ka ce, "To, Malama, sati shida ya zama wata tara. Mu koma farko." Da ka zage ni, da na fi samun sauƙi. Sau da yawa na shirya neman gafararka, sai in ce bari ya ajiye sanda tukuna. Ya ajiye sanda, kai kuma ka kwanta.

Ranar sadakar uku, shugabannin ƙungiya suka cika ƙofar gidanka. A ranar ka zama "Dokta" a bakinsu. Koci har da hawaye, wai ba su taɓa ƙetare shawararka ba. Kuma a wurin suka yanke cewa za a yi wasan tunawa da kai ranar Asabar mai zuwa, suka ce dole Sabiru ya shiga ko da minti ashirin ne, tunda shi ne majinyacinka na ƙarshe. Wata huɗu cikin tara, Malam. Har yanzu yana dafa bango in zai tashi daga sujada. Da sunanka za su ƙarasa ƙafar da ka mutu kana gyarawa, shi kuma kunya ta hana shi cewa a'a. Jiya na same shi yana goge takalmin ƙwallonsa.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka. Kowace ƙafa da ta koma gona ko masallaci ta dalilinka, Allah Ya sa ta a mizaninka. Ga uwargidanka Hajiya Suwaiba da 'ya'yanku, Abdullahi da Wasila, da 'yan'uwa na Tsafe, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Hajiya, abin da ban iya faɗa masa ba, ga shi na faɗa a gabanki. Ki yafe mini.

Yau da safe na gaya wa Sabiru matsayata a gaban mahaifiyarsa. In ya shiga filin nan ranar Asabar, a gidanmu na 'Yandoto zai same ni, kuma ba zan dawo ba sai wata taran ya cika.