Sheƙa a Bakin Rufin Tordis

Tordis Rui ba ta iya zama ba. Ko kofi a tsaye take shansa, idonta a kan taga. Mutanen kwarin sun ce haka ta zo musu tun tana amarya, 'yar masunci daga bakin teku, wadda Halvor ya auro ya kawo gonarsu ta kan tudu a Telemark, a ƙasar Norway. Ta haifi 'ya'ya biyu, duk birni ya janye su. Da Halvor ya rasu, ya bar mata garken tumaki, da gangaren ciyawa, da rumbun katako mai rufin da ya fara yoyo.

Ranar da ta tare ta ga wata tsuntsuwa a kan shinge, mai baƙi da fari kamar hankaka, sai dai ba ta kai shi jiki ba, ga doguwar jela. Ta kira ta skjære, yadda ake faɗa a garinsu. Surukarta Gro ta dire bokitin madara ta ce, "A nan sunanta skjor. Kuma ba a jifan ta."

Shor suke furta shi. Daga baya malamin makaranta ya gaya wa Tordis cewa sunayen biyu tushensu ɗaya ne a tsohon harshen kakanni, kuma masana ba su daidaita a kan asalinsa ba: wasu sun ce daga kukanta ne, wasu sun ce daga ƙyallin gashinta. Gro ba ruwanta da wannan. Abin da ta sani shi ne, shor kazar mutanen ɓoye ce, waɗanda ke zaune a ƙarƙashin kowace gona, kuma wanda ya rushe sheƙarta ya saurari gobara ko mutuwar dabbobi. Tordis ta yi dariya a ranta. Amma bayan an binne Gro, ita ce ta ci gaba da kafa wa tsuntsaye damin hatsi a kan sanda duk Kirsimeti. In an tambaye ta sai ta ce hatsin ne ya yi saura.

A hunturun 1979 iska ta kayar da bishiyar da shor ke sheƙa a kanta tun zamanin Gro. Da bazara ta shigo, tsuntsayen suka koma bakin rufin rumbu, daidai kusurwar da katakon ya ruɓe.

Lissafin gonar kan tudu ba shi da wuya. A watan Yuli ake yankan ciyawa, a shanya ta a kan waya, in ta bushe a shigar da ita rumbu. Ita tumaki za su ci har rabin shekara, muddin ƙanƙara na kwance. In rufi ya zuba mata ruwa, ta ruɓe, sai a rage garke. Kafinta ɗaya ne a kwarin, Aslak ƙanin Halvor, kuma mako guda kawai yake da shi a watan Mayu kafin ya tafi wani aiki a kan dutse har kaka.

Ya zo da kwanon rufi a bayan tarakta, ya jingina tsani ya hau. Bai daɗe ba ya sauko yana kakkaɓe hannu.

"Kin yi baƙi a sama, Tordis. Har da ƙwai."

"To cire mana. Me kake jira?"

"Gonarki ce. Ki hau ki cire, ni kuma in buga kwano."

"Kai da ka yi aiki a Oslo, har ka dawo mana da hular 'yan birni, tsuntsu kake tsoro?"

"Ni? Tsoro? Bayana ne ke ciwo."

"Bayan da ya kai ka sama yanzu-yanzu?"

"Hawa daban, miƙa hannu daban. Ai ke ce ba ki yarda da zancen tsofaffi ba. Shekara nawa kina yi wa uwata dariya a bayan idonta?"

"Ba ni hanya, ragon banza."

Ta hau. Sheƙar ta fi yadda take zato girma, tulin ƙirare da aka yi wa rumfa, an shafe cikinta da laka. Ta zura hannu ta ƙofar gefe, ta taɓa ƙwai, da ɗuminsu. Uwar tana kan tulluwar rufi tana ta kyakkyata kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Tordis ta sauko ta ce za ta ɗauko safar hannu. Ta shiga gida, ta wanke tagogi, ta toya burodi, ta kewaya shingen gona tana neman inda ya karye. Safar hannu ba ta fito ba sai washegari.

Haka makon ya tafi. Ta hau da safa, ta sauko. Ta hau da manjagara, ta tsaya a tsakiyar tsani, ta tuna ta bar tukunya a wuta. Aslak, don kada ya zauna a banza, ya sauya kwanon ɗaya ɓangaren, wanda bai taɓa yoyo ba. Duk sanda ya hango ta sai ya ɗaga murya, "Yau ma safa aka manta, ko takalmi?"

"Buga ƙusarka, kada in kawar da tsanin in bar ka a can."

Ana gobe zai tafi ta hau da niyya ta gaske, haƙora a cije. Ta leƙa, sai ta ga bakuna a buɗe, jajaye, ba gashi a jikin masu su. Ta sauko, shi kuwa bai yi tsokana ba. Suka shimfiɗa tamfol a kan ruɓaɓɓen ɓangaren, suka danne da duwatsu, suka bar kusurwar a buɗe don iyayen su samu hanya.

'Ya'yan suka tashi a watan Yuni. Yuli ya zo da ruwa. Iska ta shiga ta buɗaɗɗiyar kusurwar ta yage tamfol, Tordis ta hau ta ɗaure, ta sake yagewa. Ta yi ta kwasar ciyawa da cokalin ciyawa daga wannan lungu zuwa wancan, ta jera bokitai da baho da tukunyar wanki a ƙarƙashin yoyon. Ko hadari ta hango a kan dutse sai ta bar abin da take yi ta ruga rumbu. A watan Satumba ta cusa hannu cikin tarin, ta ji zafi kamar tanda, ga wari. Jiƙaƙƙiyar ciyawa kan kama da wuta da kanta. Ta yini tana jan ta waje, baƙa, tana tururi, ta zubar a bayan rumbu. Abin da ya tsira bai wuce rabi ba.

Aslak ya sauko daga dutse da kaka, ya gama rufin. Shi ne kuma ya riƙe ƙyauren garke ranar da motar mayanka ta zo.

"Wacce za ta fara shiga?" in ji Aslak.

Tordis ta nuna tsofaffin tukuna. Direba ya ce akwai sauran wuri, ita ma ta san ciyawar ba za ta riƙe waɗanda suka rage ba. Ta kama wata mai baƙin kunne, wadda ta shayar da kwalba a ɗakin girki lokacin da uwarta ta ƙi ta, ta tura ta kan katakon hawa da gwiwa.

Waɗanda suka rage sun kai bazara a rame. Garken bai sake komawa yawansa na da ba.