Kwalbatin da Mai Shebur Ya Toshe

Mai Shebur ta ƙasa ya san unguwarsu. Tun yana saurayi aikinsa ke nan, yashe kwata. Da safe zai naɗe wando zuwa gwiwa, ya zura takalmin roba da ya sha faci, ya shiga. Leda, robar lemo, kunzugun jarirai, mushen kaza, duk abin da mutane suka jefar suka kau da kai, shi yake kwasowa. In ya wuce yara suna toshe hanci, sai ya ce, "Ku gaida iyayenku, warin gidanku ne."

Gidansa ne na ƙarshe a gangare. Ruwan unguwar gaba ɗaya ta kwalbatin mararraba yake fita. In kwalbatin ya toshe, ruwan ya rasa hanya, layinsu yake gangarowa, kuma gidansa ne a baki. Bara ruwa ya ci masa ɗaki guda. Saura ɗaya, ginin ƙasa, a ciki matarsa da yara da Tsohuwa, mahaifiyarsa, wadda ɓarin jikinta ya shanye, sai an kwantar sai an tayar. Shi ya koma kwana a rumfar ƙofar gida.

Ruwan yanzu ba irin wanda ya taso ya sani ba ne. Da, damina tana da lokacin zuwa da lokacin tafiya. Yanzu sai ta yi shiru har shuka ta ƙone, sannan ta juye na wata guda a yini ɗaya. A rediyo suna ce masa sauyin yanayi. Shi dai abin da ya sani, kwatar da ta ishi unguwar a da, yanzu ba ta isarta.

Sai zaɓe ya matso. Babu fili mai faɗi a unguwar sai mararraba, don haka kan kwalbatin ake kafa dandamali. Ciyaman na jam'iyya mai ci ya zo da kansa, hankici a hanci.

"Mai Shebur, mai girma ɗan takara ba zai tsaya kan wari ba. Ka jera buhunan yashi a bakin nan, ka wanke cikin tas."

"Ranka ya daɗe, in aka yi ruwa fa?"

"A wannan watan? Kai ma dai. Kakanka ya taɓa ganin ruwa a wannan watan?"

Kakansa bai taɓa gani ba. Shi ma da lissafin kakan yake aiki, ga kuma tukunya ba ta hau wuta ba tun jiya. Ya jera buhunan, ya danne su da duwatsu, aiki mai kyau, don shi bai iya ha'inci ba. Baƙin ruwan ya koma baya ya kwanta a ƙofar talakawa.

Matarsa ta dube shi, ta ce, "Baban yara, da hannunka?"

"Ana tashi daga taro zan cire."

Ranar taron ya tsaya can baya, ya kasa kunne. Kalma ɗaya yake jira: ambaliya. Unguwar da bara mutane suka kwana kan rufi. Ɗan takara ya yi magana har muryarsa ta dishe. Ya ce abokin hamayyarsa takardun bogi gare shi. Ya ce zai yi gadar sama. Ya yi rawa, aka yi masa liƙi. Ko da kuskure bakinsa bai je kan ruwa ba, alhali a kan kwalbati yake tsaye.

Washegari Mai Shebur ya zo cire buhuna, ya tarar da 'yan adawa suna sauya kyallaye. Dandamalin ma ba a sauke ba, mai hayar ɗaya ne.

"Bar su, Baba," in ji babbansu. "Mu ma nan za mu yi. Ko su kaɗai Allah ya yi wa hanci?"

Ranar tasu aka tashi da wani zafi mai manne riga a jiki. Bayan azahar gabas ta fara yin baƙi. Mai Shebur ya saɓi shebur ya ratsa taro. Yaran jam'iyya suka tare shi da gora.

"Ina zuwa, tsoho? Ƙarƙashin oga za ka shiga da shebur?"

"Ɗana, ɗaga kai ka dubi gabas. Uwata tana kwance a gangare."

"To ka je ka yi mata fifita. Turo ka aka yi ko?"

A sama ɗan takarar adawa yana ta zuba. Ya ce masu ci ɓarayi ne. Ya ce shi gadarsa ta fi tasu tsawo. Da iska ta fara kaɗa rumfa, mai lasifika ya ce, "Jama'a kun gani, har sama ta shaida, albarka ce ta biyo mu." Aka tafa.

Albarkar ta sauko kamar da bakin ƙwarya. Manyan motoci suka fara ficewa, yaran gora suka bi su a guje. Sai a lokacin ya samu shiga. Buhun yashi in ya sha ruwa nauyinsa ya fi na gawa, ga ruwa yana danna shi ta baya. Ya fasa na farko da bakin shebur, ya ja na biyu da farce. Kafin ya kai na ƙasa, ruwan ya riga ya samu wata hanyar.

Da ya isa layinsu ruwa iya ƙugu. Ya hango matarsa goye da Tsohuwa, tana dafe da bangon maƙwabta, yara a kan katanga. Yana kallo bangon ɗakin ya zauna a hankali, rufin ya bi shi.

Aka kai su firamaren unguwa, su da sauran mutanen gangare, aka ba su aji guda. Duka jam'iyyun biyu sun zo jaje, kowa da masu ɗaukar hotonsa, da bokitai masu fuskarsa a jiki. Ɗan takarar masu ci ya tsuguna kusa da Tsohuwa, ya karkata kai yadda hoto zai yi kyau.

"Sai haƙuri, Mama. Wannan daga Allah ne."

Mai Shebur ya ce, "Ruwan daga Allah ne, ranka ya daɗe. Buhunan ni na jera, ku kuka sa ni."

Mai hoto ya sauke na'urarsa. Ciyaman ya ce a yi wa Mai Shebur uzuri, ruɗu ne.

Ana gobe zaɓe da hantsi hedimasta ya shigo yana sosa ƙeya. Ya ce ba laifinsa ba ne, umarni ne, wannan ajin a nan ake ajiye akwatin zaɓe, sai su ɗan matsa.

"Mu matsa ina, Malam?" in ji matar.

Hedimasta ya dubi allo.

Matar ta ɗaure tabarmi, yara suka ɗauki bokitai. Mai Shebur ya durƙusa, aka ɗora masa Tsohuwa a baya. Ta sa baki kusa da kunnensa, da harshenta mai nauyi ta ce, "Gida za mu?"

Ya tsaya a bakin ƙofa yana duban hagu da dama, har wasu ma'aikata biyu ɗauke da akwati suka ce, "Baba, ba mu hanya."