Jirgi Mai Huhu Huɗu

Ƙanshin man inji mai zafi ne ya tsayar da ni a bakin ƙofa. Ni direba ne a nan Riyadh, bara aka haɗa ni da wani dattijon Bafaranshe a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Ran nan na shiga karɓar makulli, sai na tarar da shi tsugune a farfajiya kamar yaro, gabansa wani ɗan kan jirgin ƙasa da bai fi tsawon hannuna ba, yana fitar da tururi na gaske. Da kansa ya ƙera shi. A ƙa'ida dariya zan yi, don ni mutum ne mai saurin dariya da saurin baki. Amma ranar ban yi ba, kuma bari ka ji dalili.

Irin ƙanshin man nan hannun kakana na wajen uwa yake yi. Mutumin ƙasar Damagaram ne, Faransawa suka ɗauke shi soja yana saurayi. Da aka gama yaƙi bai dawo nan da nan ba, ya yi wasu shekaru a wata loko, wato wurin ajiye da gyaran kan jirgin ƙasa, a ƙasarsu yana kwashe toka da loda kwal. Daga baya ya zo ƙauyenmu ya zauna, da tari da tabon ƙuna a dantse. Shi ke gyara injin niƙan garin, ba don an sa shi ba, sai don ba ya iya ganin ƙarfe yana kuka ya wuce.

Da damina, in ruwa ya hana zuwa gona, a zaure muke yini. Ana gasa masara, ƙasa na ƙanshi, shi kuma yana dafa shayi. A nan yake share ƙasa da tafin hannu ya zana mini jirgin da yatsa.

"Jiragen nan naku almubazzarai ne," in ji shi. "Su sha tururi sau ɗaya su tofar. Na can sai ya sha sau biyu."

Wurin da tururi ke shiga ya tura ƙarfen da ke juya ƙafafun jirgi, shi yake kira huhu. Ya ce na can huhu huɗu gare shi. Biyu ƙanana suna waje, kowa na ganinsu, su ke karɓar tururi da zafinsa. In sun gama ba a zubar da shi, sai a miƙa shi ga wasu biyu manya da ke ɓoye a ciki, tsakanin ƙafafu. Ya ce kamar shayi ne, ganye ɗaya ake dafawa karo na biyu, ƙarfinsa ya ragu amma da sauran aiki a jikinsa. Shi ya sa jirgin ba ya cin kwal da yawa, ga gudu, kuma ba ya haki irin namu, numfashinsa a hankali yake. Kwal ɗinsu ma wani a cure yake kamar bulo. Kowane direba da nasa kan jirgin, ba mai taɓa masa. Sau ɗaya wani tsohon direba ya ɗauke shi a gaba, Kaka ya ce kafin ka gama salati gari ya wuce.

Na ji labarin nan ya fi sau ɗari, ban taɓa gajiya ba. Sai da na kai aji shida, kaina ya fara ɗaukar zafi da boko. A garin da tasha take akwai wani tsoho da ya yi rayuwarsa yana tuƙa jirgin kwal a layinmu. Ran kasuwa na je na tambaye shi. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Yaro, tururin da ya gama aiki ai mushe ne. Huhu biyu ne, da hannuna na shafa musu mai."

Ba ƙarya ya yi ba. Jiragen Ingilishi ya sani, abin da ya sani ya faɗa. Ni ne na ɗauki maganar na adana kamar wanda ya tsinci wuƙa.

Ka san wasan jika da kaka. Nakan sace masa hula, in ce ya tsufa ya bar mini matarsa, shi kuma ya bi ni da sanda. Na ɗauka wannan wasa ya ba ni lasisin faɗin komai a ko'ina. Ranar sunan ƙanwata zaure ya cika da surukai da baƙi, wani ya ce Kaka ya ba su labarin jirgin Faransa. Ya share ƙasa, ya fara zane. Yana kaiwa kan huhun ciki na ɗaga murya.

"Kaka, na tambayi direban loko. Ya ce babu irin wannan jirgi a duniya."

Zaure ya ɗauki dariya. Wani ya ce ashe har jirgin ma an ƙara masa gishiri. Ni ma na yi, tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Kaka ya dube ni, ba da fushi ba, da ma fushin ya yi. Ya goge zanen ya ce, "To, malam ya faɗa."

Daga ranar bai sake ba da labarin ba. Yaran gari suka riƙa bin sa suna kiran huhu huɗu. In damina ta zo mukan zauna a zaure, ya miƙo mini shayi, mu yi ta kallon ruwa. Na sha niyyar in ce ya zana mini, girman kai ya hana. Ina makarantar kwana aka aiko ya rasu.

Shi ya sa da na ga ɗan jirgin nan a farfajiya, na ji bakina ya riga ni. Na tambayi maigidan da Turanci ko akwai wasu huhu biyu a ciki. Ya ɗago da sauri ya ce wa ya gaya mini. Ya kawo madubi ya sa a ƙarƙashi, ga su nan kuwa, biyu, sun fi na waje girma. Na tambayi kwal mai kama da bulo, ya ce haka ne. Na tambayi direba da nasa jirgin, ya ce kakansa ma haka ya yi aiki. Yana ta murna ya sami abokin hira. Na fita na zauna a mota cikin zafin nan, na manta ban kunna ta ba.

Da na koma gida a unguwar Al-Naseem na ba 'yata labarin. A nan aka haife ta, Larabcinta ya fi Hausarta, kuma jirgin da ta sani shi ne na cikin gari, wanda ba direba ba hayaƙi. Ina magana tana latsa waya. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta ce, "Sah, Baba, gaskiya ne, ga hotonsa."

Na zauna ina lissafa waɗanda ke zauren nan ranar suna, don in wanke shi a wurinsu. Surukan sun tafi, mai maganar gishiri ya tafi, direban loko ya daɗe a ƙasa. Mahaifiyata kaɗai ta rage, ita ma a cikin gida take ranar. Na kira ta, na ce Inna, jirgin Kaka gaskiya ne, na gani da idona.

"Ai shi dariyar mutane ba ta dame shi ba, ya saba," in ji ta. "Abin da ya ce mini kawai, duk garin nan kai kaɗai yake zaton ka yarda da shi."

Yanzu duniya ta sauya, ba wanda zai ƙaryata tsoho a kan jirgi, waya za a duba a wuce wurin. Ni ma ga shi na yarda, da madubi da hoto da shaidar Bature. Sai dai wannan yardar ba ta da wani amfani a wurinsa. Wadda yake so ita ce ta yaron da ba shi da hujja ko ɗaya sai kakansa, kuma ina da ita a hannu har na kai aji shida.