Sai-Gobe da Keken Fatsar Yayansa

Shekara talatin da ɗoriya ya yi a ƙarƙashin matakalar benen nan yana gyaran keken ɗinki, amma da wuya ka sami mutum biyar a layin da suka san sunansa na yanka. Sai-Gobe kowa ke ce masa. Teloli ne suka laƙaba masa, don ba a taɓa kawo masa keke ya ce zauna ka jira ba. Zai karkata kai, ya murza shi sau biyu, ya leƙo ka ta saman tabarau ya ce, "Sai gobe." Goben kuwa takan kai mako. Za ka zage shi a hanya, ka zage shi a gida, amma ranar da ka karɓi kekenka sai ka shekara uku ba ka sake neman shagonsa ba.

Shagon bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba. Tebur ɗaya ne, sai gwangwanayen madara cike da noti da sifirin, da kwanon kananzir da tsohon buroshin haƙori a ciki. Daga can ciki matakala ba ta barin mutum ya miƙe tsaye, har wuyansa ya saba da sunkuyo ko a fili yake tafiya. Yana da ƙa'idar da ya gada wurin maigidansa, ya riƙe ta gam. Daga ciki ake fara gyara a fito waje. Abu ɗaya ake canzawa a gwada, don in ka canza biyu lokaci guda ba ka san wanda ya yi maganin ba. Kuma kaya ba ya barin teburinsa da rabin lafiya. Da wannan ƙa'ida ya ci, ya sha, ya aurar da 'ya'ya huɗu, ba ta taɓa kunyata shi ba.

Wanda ya kai shi koyon sana'ar yayansa ne, tsohon direban bas, wanda ya riƙe shi tun rasuwar iyayensu. Yaya ba shi da wata sha'awa a duniya da ta wuce fatsa. Duk ranar hutu yana bakin tafki da sandarsa da keken fatsarsa, wato ɗan injin nan da ake ɗaurawa a gindin sanda, a murza hannunsa ya naɗo zare. Sau da yawa hannu rabbana yake dawowa, matarsa ta tare shi da cewa kifayen sun gode da abinci.

Sai ciwo ya same shi, ɓarinsa na dama ya shanye. Wata huɗu yana kwance kafin ya fara takawa da sanda. Hannun dama ya dawo rabi da rabi, yana iya dannewa amma yatsu ba sa juyawa. Wata rana da hantsi Sai-Gobe ya je gaishe shi, ya tarar da shi zaune bakin gado da keken fatsar a cinya.

"Hannun keken nan nake so ka mayar min hagu," in ji Yaya, magana tana fita a hankali. "Dama ta tokare sanda da ciki, hagu ta murza. Ruwa ya fara ja baya, kifi ya matso gaɓa. Wata biyu ne kawai, ka sani. Ina so in je ko sau ɗaya ne."

Sai-Gobe ya karɓa, ya karkata kai, ya murza sau biyu. Ya ji abin da bai yi masa daɗi ba a yatsunsa.

"Sai gobe, Yaya."

Matar Yaya da ke bakin ƙofa ta tafa hannu. "Mun shiga uku! Har da mu 'yan gida? To ni dai na gode Allah da ba kai na aura ba, da har yanzu ina jiran lefe."

Duk suka yi dariya, har da Yaya da rabin bakinsa.

A shago ya baje keken a kan farin tsumma, ya jera kayan cikinsa bi da bi. Fatun birki, waɗanda ke sakin zare a hankali idan babban kifi ya fizga, sun cinye sun zama kamar takarda. Boris, zoben ƙwallayen ƙarfe da keken ke juyawa a kai, ya yi tsatsa. Giya, faifan ƙarfen da hannu ke juyawa, ta zubar da haƙora biyu. Shi kuwa hannun, aikin banza ne: ka kwance murfin da ke hagu, ka zaro shi daga dama, ka cusa ta ɗaya ɓangaren ka ɗaure. Ko sabon kaya ba ya buƙata. Sai-Gobe ya ɗauke shi ya ajiye a ƙarshen layi, inda hannu yake zama a kowane aiki nasa.

Kada a zalunce shi, ba taurin kai kaɗai ba ne. Ya hango yayansa a bakin ruwa da hannu ɗaya da rabi, babban kifi ya kama, birki ya cije, sanda ta suɓuce ta bi ruwa mutane suna kallo. Wannan ya tsaya masa a rai. Mutumin da ya ɗauke shi a kafaɗa yana ƙarami, ba shi zai miƙa wa abin da zai ba shi kunya ba. Saboda haka birki ne farko.

Irin wannan tsohon keke ba a samun kayansa a gari. Wani dillali ne a nesa ake yi wa waya ya aiko a mota. Fatun birki suka ci kwana goma sha biyu a hanya. Ya saka, ya ɗaura zare, ya rataya guduma ya gwada, birki ya saki lafiya lau. Sai a lokacin ya yi wayar boris. Boris ya zo bayan mako biyu, ya fi gurbinsa ƙanƙanta da abin da bai kai kaurin farce ba. Wani da ya naɗa masa ɗan gwangwani ya wuce wurin. Sai-Gobe ya mayar wa dillalin da shi a canzo.

A mako na biyar matar Yaya ta zo shagon da kanta. Ba ta zo da wasa ba, ko zama ba ta yi ba.

"Kullum da safe sai ya sa an fitar masa da kujera ƙofar gida, ya sa malafarsa, ya zuba wa layi ido. Ba ya cewa komai, amma na san wa yake jira. Don girman Allah ka haɗa masa shi haka nan."

"Giyar fa tana tsallake. In kifi ya tsinke masa fa?"

"Ya tsinke mana! Shekara nawa yana tsinkewa? Kifi ya ce maka yana nema? Ruwan yake so ya gani da sanda a hannunsa. Kai ba ka kwana da shi, ni nake ganin yadda ƙafar nan take ƙara nauyi."

Maganar ta shige shi. Tana fita ya jawo tsumman, ya mayar da tsohon boris, ya mayar da tsohuwar giya, ya rufe. Saura hannu kawai. Sai ya ce bari ya ɗan juya da filaya ya ji. Zagaye na uku giyar ta cije ta saki. Ya sake, ta sake cijewa. Da a ce akwai wanda zai ƙwace sukundireba daga hannunsa a wannan lokaci, da ya yi masa babban alheri, amma shi kaɗai ne a shagon. Kafin ya gama shawara da zuciyarsa yatsunsa sun riga sun kwance noti na farko. Ya yi wa dillali wayar sabuwar giya, ya ce a ransa kwana goma ne, me kwana goma za ta yi?

A kwana na takwas ciwon ya dawo wa Yaya. Sati guda aka yi a asibiti, likita ya ce a mayar da shi gida a ci gaba da kula da shi. Wannan karon har hagun ta tafi, ido ma ya dushe, sai kunne da 'yar magana suka rage. Sai-Gobe ya yi ta zarya tsakanin asibiti da gida, bai iya haɗa ido da matar yayansa ba, ita kuma ba ta ce masa uffan ba. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Boris da giya suka iso rana ɗaya. Ya rasa abin da zai yi da kansa, sai ya zauna ya saka su, ya shafa giris, ya rufe. Sannan ya kwance murfin hagu, ya cusa hannun, ya ɗaure. Ya ɗaga kai ya dubi agogon bango. Minti shida aikin ya ci. Ya cire tabarau ya kifa kai a kan tebur ya yi kuka, telan da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo ya koma.

Washegari ya kai keken gidan. Yaya yana kwance, hannayensa biyu a kan bargo. Sai-Gobe ya durƙusa a gefen gado.

"Yaya, ni ne. Na kawo. Na mayar da hannun zuwa hagu."

Yaya ya motsa baki da ƙyar.

"Ruwa ya janye ko?"

"Ya janye, Yaya."

"To juya min in ji."

Sai-Gobe ya kai keken kusa da kunnensa ya fara murzawa. Shekara arba'in keken nan yana wani gurnani da ƙas-ƙas a kowane zagaye, wanda Yaya zai gane ko cikin keke ɗari. Tsohon boris da karyayyar giya ne ke yin sa. Yanzu kuwa yana juyawa sumul, ko numfashi ba ya yi. Sai-Gobe bai taɓa aiki mai kyau irin wannan ba, kuma bai taɓa tsanar aikin hannunsa ba sai a ranar.

Yaya ya kasa kunne, ya jira, ya ƙara jira.

"Ƙanina, ka fara juyawa kuwa?"

"Ina juyawa, Yaya."

"Ban ji komai ba," in ji Yaya. Ya lumshe ido.