Kindirmon da Na Ba Ɓerayen Dakta

Kowa ya ɗauka ciwon ne ya canza hanjin ɓerayen nan. Dakta ta ɗauka haka, ɗalibanta ma haka. Ba ciwon ba ne, ni ce.

Bayan na gama sakandare na samu aikin share keji a wani ɗakin bincike kusa da Gyadi-Gyadi. Ɓerayen kashi biyu ne: masu lafiya, da waɗanda ake yi wa allura har garkuwar jikinsu ta koma tana cin jijiyoyinsu. Duk safiya nakan tsince kashinsu da ɗan hantsaki in zuba a kwalabe, Dakta ta duba irin bakteriyar da ke zaune a hanjinsu. Ta gaya mini abincinsu ɗaya ne, na buhu. Na ji ta sarai.

Amma a sati na biyu wutsiyar waɗanda aka yi wa allurar ta saki, suka fara jan ƙafafun baya. Haka Yayata ke jan ƙafarta ta hagu a tsakar gidanmu a Daurawa, shekara uku ke nan. A gidanmu kuwa marar lafiya ba ya wuni sai an ba shi nono. Sai na riƙa lakato kindirmon da nake zuwa da shi ina shafa musu a bakin keji. Marasa lafiyar kawai. Masu lafiya me za su yi da shi?

Ranar da sakamako ya fito, Dakta ta kira ni har ofis.

"Zo ki gani, uwar ɓeraye! Hanjin marasa lafiyar daban yake. Wata takwas ina jiran wannan."

Na tsaya ina kallon takardar kamar na iya karanta ta.

Da na koma gida bakina bai yi shiru ba, na ce Dakta ta gano wani abu. Inna ta ɗaga hannu sama. Yaya ta yi dariya ta ce, "To ki gaya wa ɓerayenki su yi sauri, ƙafar nan ba ta jira."

Maganar ce ta sa na zauna na yi tunani: kindirmo ma cike yake da bakteriya, kuma marasa lafiyar kawai na ba. In na yi shiru, za a gina bincike a kan kindirmona, masu ciwo irin na Yaya su yi ta jiran abin da babu. In na faɗa, aikin ya tafi.

Gobe kafin in taɓa tsintsiya zan shiga ofishin Dakta da robar kindirmon a hannuna, in gaya mata keji nawa ne da kwana nawa.