Nakiya a Tafkinmu

Baba ne Sarkin Ruwan tafkin da ke bayan ƙauyenmu, can wajen Kebbe. Da kaka ta yi sai ya rufe ruwan, ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar su, da gari duka ke fita kamun kifi, cikin bazara, in kifi ya ƙosa. Cewa yake ruwa ma yana da hakki a kanmu, kuma za a tambaye mu. Ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Shekarar da fara ta cinye gero, ƙanensa ya saci jiki ya shiga ruwa da homa, ragar kamun kifi, don 'ya'yansa na kwana da yunwa. Baba ya karɓe homar, ya sa shi ya mayar da kifin da ransu. Ko gaisawa sunka daina.

A shekarar ce wani Bature mai neman zinari ya sauka garinmu, wai yana marmarin kifi. Baba ya ce wa tafintan Baturen, "Gaya mashi ruwan ga rufe yake." Tafinta bai ma juya maganar ba. Ina wanki a bakin ruwa Baturen ya kunna nakiya, irin wadda suke fasa dutse da ita, ya jefa tsakiyar tafki.

Da ruwa ya lafa sai kifi ya yi ta tasowa ciki sama, tarwaɗa, karfasa, har 'yan mitsi-mitsin da ba su kai yatsana ba. Abin da Baturen ya tsinta bai cika kwano ba, ya yi gaba abinsa. Munka kwashe abin da munka iya, saura ya ruɓe, wari ya hana mu sakat.

Har yau in na tuna zuciyata tafasa take. Abin da ka kashe ka ci, Allah ya halatta maka. Wanda ka kashe ka bar wa ƙudaje fa? Haka nan, don ba ya da baki?

Baffan nan nawa mai homa ya zo ya tsaya kan Baba. "Yaya, shi Baturen ba ka karɓe mashi homa ba?"

Da kaka ta zagayo, dattawa sunka zo don Baba ya rufe ruwa. Ya ce, "Na hana mai yunwa, na kasa hana ƙosasshe. Da wane baki zan sake hana wani?" Sunka yi lallashin duniya, ya ƙi.

Daga nan kowa ya shiga ruwa rani da damina, ba mai cewa bari. Kafin a yi mini aure, in ka jefa homa a tafkin nan, kwaɗi kawai za ka ɗago.