Ranar da Na Janye Kwanona Daga Ciyayya

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. A lokacin da abin nan ya faru ni dillalin albasa ne a Aliero, magidanci mai mata ɗaya da yara, kuma Allah Ya rufa mini asiri daidai gwargwado. Sai dai ina da jiki. Ba jikin ƙarfi ba, teɓa ce ta gasken gaske, wadda in na sunkuya duba bakin buhu sai numfashina ya ɗauke. Masu lodi a kasuwa kan ce idan aka rasa buhu ɗaya a cika mota, a jefa ni ciki. Ina dariya tare da su, amma abin yana ci mini rai. Halina kuma tun ina yaro ban iya yin abu rabi da rabi ba. In na sa abu a gaba ba na jin kira, ba na zama wuri ɗaya, sai na gajiyar da kaina na gajiyar da na kusa da ni.

A layinmu muna da ciyayya. Bayan sallar magariba kowane magidanci zai fito da kwanon gidansa, mu haɗu mu ci tare. Ni ne, da wani abokina mahauci, da direban wata motar haya, da wani malamin firamare, sai wani dattijo da duk muke kira Baba. A ƙofar gidansa muke zama. Baba tsohon manomin albasa ne da gwiwa ta kwantar, matarsa ta rasu, ɗiyarsa ɗaya tana aure a Gumbin Kure. Ba a ɗora tukunya a gidansa, kuma duk mun san wannan cin na magariba shi ne abincinsa na kirki a yini. Amma ba wanda ya taɓa faɗin haka, ko da wasa. Shi ke shimfiɗa tabarma, shi ke kawo ruwan wanke hannu, shi ke raba nama a matsayinsa na babba. Mu ne baƙinsa, shi ne mai masauki. Kwanona kuwa shi ne babba, domin sauran suna da iyali da yawa da ƙaramin samu, mai ɗakina kuma ba ta iya tuƙa tuwo kaɗan ba. In an yi maganar gaskiya, kwanon gidana ne ke riƙe da wurin.

Ciwon kai da jiri suka kai ni asibiti a Jega. Likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, suga ma tana bakin ƙofa. Ya ce in rage loma, in riƙa cire hannu tun ban ƙoshi ba, in bar lemon kwalba, in riƙa takawa zuwa kasuwa maimakon hawa babur. Shi ke nan. Wallahi na fito ina jin haushinsa. Na ce a raina, duk wannan layin da na bi, abin da kakata ma za ta iya gaya mini shi zai gaya mini? Ni abu nake so mai zafi, wanda zan ga aikinsa gobe-gobe.

Sai na faɗa waya. Na yi ta kallon masu bayani a kan kalori, wato ma'aunin ƙarfin da ke cikin kowane abinci. Suka ce ka san abin da ya shiga cikinka, ka ƙayyade shi, ƙiba za ta zube. Wannan ya yi mini, domin ni mutumin sikeli ne. Na sauke manhajar lissafi, na sayi ɗan ƙaramin sikeli a kasuwar Jega, na dawo gida ina ji kamar na riga na rame. Matsala ta fara tun daren farko. Manhajar ba ta san miyar sure ba, ba ta san hoce ba, furar ma sai kame-kame. Sannan ta yaya mutum zai auna abin da ya ci a wurin da hannu biyar ke shiga kwano huɗu? Na gwada riƙe waya a hagu ina ƙirga loma da dama. Mahauci ya ƙyalla ido ya gani, ya ce jama'a ku ci a hankali, yau akwai mai karɓar haraji a cikinmu. Aka yi ta dariya, har Baba. Ni kuwa na tashi da lissafin da ban yarda da shi ba, na kasa zaune na kasa tsaye.

Bayan 'yan kwanaki na ce wa mai ɗakina daga yau a ɗaki zan ci, kuma ta daina babban girki, ta riƙa auna mini nawa daban. Ta ajiye muciya ta dube ni.

"To, Baba fa?"

Na ce a riƙa zuba mishi a aika. Ta ce na san sarai ba zai karɓa ba, kuma in rage cin nake so, me ya hana in zauna da su in ci kaɗan in wanke hannu, kamar yadda likita ya ce. Na ce mata ba ta gane ilimin abin ba. Ka ji fa. Na san abin da ke kan wannan kwanon, an kuma tuna mini, amma na zaɓi lissafina.

Kwanon farko da aka aika ya dawo a rufe yadda ya tafi, da saƙon godiya, wai ya riga ya ci. Na biyu ya tara yaran layi ya ba su. Da muka haɗu a bakin masallaci ya riƙe mini hannu, ya tambayi jikina, ya ce ya ji likita ya sa mini doka, Allah Ya ba da lafiya. Sai ya rage murya.

"Ɗana, bar wahal da yara da kwano. Ni ban aiko bara ba. Kai nike son gani bisa tabarma."

Na ce mishi ya ƙara haƙuri, da zarar na kai inda nake so zan dawo. Ya ce to, Allah Ya kai mu. Daga ranar na canza hanyar dawowa daga masallaci, ina zagayawa ta bayan layi don kada in gan su zaune.

Kada mai karatu ya ɗauka ina jin daɗi a ɗakin nan. Azaba na sha. Tunda abincin gida ba ya ƙirguwa yadda nake so, sai na koma wa na kanti, saboda shi an rubuta lambarsa a jikin leda. Na bar tuwon dawa da miyar kuka na koma biskit da taliyar leda da burodi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, ga gishiri ga hawan jini, amma ni dai lamba ta fito daidai. Kullum ina rage adadin, don in na hau sikelin kasuwa na ga nauyina ya ragu sai in ce bari in ƙara matsawa. Yunwa ta mai da ni wani iri. Ba na iya zama a rumfa, in tashi in zagaya buhuna in dawo, in ciro waya in mayar. Na yi wa masu lodi tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, na kori wani mai saye da muka daɗe muna hulɗa. A gida yara suka koma laɓewa in sun ji sallamata. Na taɓa sa mai ɗakina ta kwashe tuwo daga kwano ta mayar kan sikeli don ban yarda da awonta ba. Ta mayar, amma na ga hawaye a idonta. Ko a sallah, Allah Ya yafe mini, sai in tsinci kaina ina tara abin da na ci da rana.

A can ƙofar gidan Baba kuwa abu ya fara lalacewa. Labarin yana zuwa mini ta bakin mata, ban nema ba. Da babban kwano ya fita, abin da ya rage bai isa ba. Baba ya lura, sai ya koma yin loma biyu ya wanke hannu, wai cikinsa ba ya son nauyi da dare. Direba dama rabin mako yana hanya. Malamin makaranta, wanda a da ƙaramin kwanonsa ke ɓuya a cikin namu, ya ji kunyar fitowa da shi tsirara, ya fara ba da uzuri. Aka bar mahauci shi kaɗai, shi kuwa Baba ya ce ba zai zauna ya cinye wa mai iyali abincin 'ya'yansa ba. Ya daina shimfiɗa tabarmar. Mahauci ya same ni har rumfata, ba wasa a fuskarsa, ya ce Baba yana ramewa, rigarsa har tana zamewa a kafaɗa, in zo mu gyara abin nan ko da ruwa kawai zan riƙa sha a wurin. Ya ce kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. Yunwa na cina, ga jama'a na kallo, sai na ce mishi lafiyata nake nema, kuma Baba ai ba ni na haife shi ba, ba shi ya haife ni ba. Wannan maganar har gobe in na tuna ta sai in ji kamar in nutse. Mahauci ya juya ya tafi. Ni kuwa a ranar murna nake, don na ƙara huda sabon rami a bel ɗina.

Jikina ne ya tsayar da ni, ba hankali ba. Ana tsakiyar lodi da rana na ga kasuwa tana juyawa, sai farkawa na yi ana yayyafa mini ruwa. Aka mayar da ni wurin likitan nan. Da ya ji abin da nake ci, ya riƙe baki ya ce wa ya aike ni? Ya ce lissafin kalori ba laifi ba ne, akwai waɗanda yake yi wa amfani in an bi shi da sani, amma ni yunwa na ɗora wa kaina na sa mata suna. Ya maimaita mini maganarsa ta farko, kalma ba ta canza ba. Wannan karon na ji.

Da na ɗan warware na ce wa mai ɗakina ta tuƙa tuwon shinkafa mai yawa, ta sa man shanu. Ta yi ta rawar jiki kamar ranar sallah. Bayan magariba na ɗauki kwanon da kaina, na bi ta gaban layi, ina ta shirya abin da zan ce. Na tarar da ƙofar Baba a garƙame da kwaɗo. Ina tsaye da kwano a hannu mahauci ya fito, ya dube ni ya dubi kwanon. Ya ce ai an kwana biyu. Baba ya faɗi a wurin alwala, aka aika wa ɗiyarsa, ta zo ta ga yadda ya koma, ta yi kuka ta ce ashe haka unguwar nan take, ta sa shi a mota. Baba bai so tafiya ba, ya ce a gidan nan aka haife shi. Duk wannan ya faru a layinmu, ni ina zagayawa ta baya ban sani ba.

Washegari na tafi Gumbin Kure. Ɗiyar ta gaishe ni a daƙile ta nuna mini ɗakin. Baba yana zaune a kan buzu, ya ɗan murmure. Da ya gan ni sai ya tsorata, ya ce subhanallahi, wane ciwo ne ya cinye ni haka? Ni da na zo neman gafara, shi ke yi mini sannu. Aka kawo tuwo, ya matso da kwanon tsakaninmu, ya gutsura naman da ke ciki ya tura mini babban. Na ci, ban ƙirga ba, hawaye na zuba. Na roƙe shi ya dawo, na ce kwano zai fito kullum. Ya ce yarinyar ta rantse ba zai koma ba, shi kuma ba ya da ƙafar gardama. Na tambaye shi ko ana kula da shi.

"Abinci kam akwai, har ya yi yawa," in ji shi. "Amma ka san suruki ba ya sa hannu kwano ɗaya da ni. Sai a aje a fita. Abokin ci ne babu."

Yanzu mun tayar da ciyayyar a ƙofar gidana. Ina zama, ina cin abin da kowa ke ci, in na ji na kusa ƙoshi in cire hannu a ci gaba da hira. Ina takawa zuwa kasuwa. Jikin yana sauka a hankali, jinin ma ya lafa, kuma ban sake ɗora tuwo a sikeli ba. Abin da na ƙi saboda ya yi mini arha, shi ne ya yi aiki.

Shawarata ga duk mai son rage ƙiba, ya nemi likita, ya kuma saurare shi ko da maganar ta yi kama da ta kakarsa. In zai yi lissafi ya yi, amma kada ya ɗauko tsarin da aka yi wa mai cin abinci shi kaɗai a faranti ya kawo shi inda ake haɗa hannu. Kafin ka janye kwanonka, duba ka ga wa ke ci a ciki, domin a garuruwanmu akwai masu mutunci da yawa da ba za su taɓa cewa suna jin yunwa ba. Ni na sami abin da na fita nema, riguna sun yi mini daidai. Baba kuwa, har yau da nake wannan rubutu, a ɗaki yake cin tuwonsa shi kaɗai.